Ɗakin Da Aka Gina Don Ɗan Fari

Bari in fara da nawa laifin, tunda ƙarami ne. Duk watannin da Maikano ya yi yana zaune a ɗakin nan na bakin kwalta, ban taɓa tsayawa na gaishe shi ba. In na zo wucewa sai in tsallaka ɗaya gefen hanya, in duƙar da kai kamar mai neman allura, don kada wani ya gan ni a ƙofar ya ce ashe masu furfura ma suna sha. Ni da ko maganin ciwon kai sai an yi mini faɗa nake haɗiyewa. To, na faɗa. Sauran labarin nasa ne.

Maikano marubucin takardu ne. Shekara ashirin da wani abu, kullum safiya yakan hau kekensa daga garinmu zuwa Tsarnawa, ya kafa tebur a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, kusa da meri, ofishin magajin gari. Mai neman takardar haihuwa, mai son a roƙa masa gafarar surukinsa, matar da ke son a tuna wa mijinta a Agadas cewa yana da mata, duk wurinsa suke zuwa. Su faɗi abin da ke ransu a karkace, shi ya miƙe shi a takarda. Mutum ɗaya ne a duniya Maikano bai iya haɗa masa magana ba, shi ne ɗansa na fari, Mahfuz.

Ba faɗa suka yi ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya bari a ga ya damu da shi. Shi ma ɗan, in uban ya shigo wuri, sai ya durƙusa ya gaida shi, ya fita. Gidan su Maikano kuwa sun riƙe wannan kunya fiye da kowa. Tun yaye mahaifiyar Maikano ta ɗauke yaron, kuma duk maganar da ke tsakanin uba da ɗa ta bakinta take bi. Maikano ya ce, "Inna, a ce ma wancan damina ta kusa." Tsohuwa ta leƙa ta katanga ta faɗa, ta ƙara da nata zagin, ta dawo da amsa. Haka aka yi shekara ashirin da biyar lafiya lau. Sai tsohuwa ta rasu. Shekara ta zagayo, matarsa Gimbiya ta bi ta. 'Yan matan gidan duk sun yi aure. Aka bar maza biyu a gida ɗaya, ɗaki a gabas, ɗaki a yamma, da rumbu a tsakani. Ƙanwar Maikano, Ummulkhairi, mai sayar da fura, ita ke aiko musu tuwo a kwano biyu, kowa ya ci nasa yana jin motsin cokalin ɗan'uwansa.

Mahfuz yana da amalanke da shanu biyu. Yana ɗaukar albasa, yashi, kara, duk abin da aka ɗora. A tashar amalanke akwai mai tebur da ke sayar da alawa da batir da ƙwayar tiramol, duk a faranti ɗaya. Samari kan fara da guda ɗaya lokacin noma, don baya ya daina ciwo. Daga nan a koma biyu, a jefa cikin shayi. Maikano ya ga alamun kamar yadda kowa ya gani. Kwanon tuwon yamma yana komawa da rabi. Mutum ya yi aikin mutum uku bai zauna ba, sannan ya kwana biyu yana harara kamar an ci masa gado.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Mahfuz ya faɗo daga kan amalanke a tsakiyar hanya, jiki na jijjiga, kumfa a baki. Mutane suka ruga. Maikano yana nan, taku goma tsakaninsu. Ƙafafunsa suka yi gaba, kunya ta riƙe su. Ya ji bakinsa yana tambayar na kusa da shi, "Wa ya faɗi?" Mutumin ya yi masa wani irin kallo. Wasu suka ɗauki Mahfuz zuwa wurin majo, babban ma'aikacin jinyar ƙaramin asibitinmu. Maikano kuwa ya kama igiyar shanun, ya kai su gida, ya ba su ruwa, ya tsaya yana kallonsu suna sha har suka ƙoshi suka fara kallonsa su ma.

Bayan kwana uku suka haɗu a zaure. Mahfuz ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau."

Maikano ya kwana uku yana shirya magana. Ya tsara ta da gabatarwa da dalilai, kamar takardar da za a kai wa gwamna. Ya buɗe baki, ya dubi turken shanu.

"Shanun ga sun rame," ya ce.

"Za a ƙara musu harawa, Baba."

Mahfuz ya tashi ya fita. Aka ƙara wa shanu harawa.

A cikin wannan wata ne rediyon karkara ya sanar cewa wata ƙungiya za ta tallafa wa garuruwan da ke son yaƙi da shan ƙwaya da taimakon waɗanda ke son bari. Duk garin da ke da shiri ya rubuta dosiye, wato takardar neman tallafi, ya kai Ƙwanni. Maikano ya ajiye rediyon, ya jawo takarda. Abin da ya kasa faɗa a zaure da Hausa, ya zuba shi shafi goma sha ɗaya da Faransanci. Ya rubuta "matasanmu" sau da yawa, kuma duk inda ya rubuta, fuska ɗaya yake gani. Dabararsa mai sauƙi ce. Uba ba ya yi wa ɗan fari nasiha, amma shugaban furoje, wato shirin da ƙungiya ta tallafa wa, yana iya yi wa matasan gari baki ɗaya. In wani ya faɗo a cikinsu, ai ba laifin kowa ba ne.

Dosiye ya ci. Aka gina ɗaki a bakin kwalta, rufin kwano, benci shida, butar shayi, da lasifikar hannu. Aka shirya majo zai riƙa zuwa Litinin da Alhamis don duba masu son bari, ya rage musu ƙwayar sannu a hankali kada jiki ya kayar da su. Aka kafa allo a ƙofa da hoton ƙwaya ja, ƙatuwa kamar kabewa, an ja mata layi. Ranar buɗewa gari ya cika, aka yi jawabi, aka sha lemo. Mahfuz yana Malbaza da lodin yashi.

Washegari Maikano ya share ɗakin, ya jera benci, ya ɗora shayi, ya zauna a bakin ƙofa. Ya bar teburinsa na Tsarnawa ga ƙura. Sati na farko wata tsohuwa ta zo neman maganin ido. Sati na biyu wani baƙo ya sauka daga babbar mota, ya dubi allon, ya tambaya a hankali ko a nan ta fi araha. Daga su sai akuyar maƙwabta, wadda ta gane inuwar benci na uku ta fi sanyi, kuma ba ta taɓa fashi ba. Majo yakan zo da babur, ya sha shayi kofi biyu, ya duba wayarsa, ya ce, "To, Malam, sai Alhamis." Maikano ya koyi abubuwa da yawa a wannan zaman. Ya san ƙarar kowace mota da ke zuwa Tawa. Ya san lokacin da rana ke taɓa ƙafar benci na farko. Ya san ƙarar amalanke ɗaya a cikin amalanke ashirin, kuma ya lura cewa kwanan nan ta daina bi ta gaban ɗakin, ta koma zagayawa ta bayan makabarta.

Ranar kasuwa sai ya rataya lasifika ya nufi tashar amalanke. Daga nesa yakan hango su a inuwa, Mahfuz a tsakiya. Ya danna maɓalli. "Ya ku matasa!" Kafin ya kai jimla ta biyu Mahfuz ya miƙe, ya rusuna daga inda yake, ya bi bayan rumfuna, domin ɗa mai tarbiyya ba ya zama uba na tsaye. Abokansa su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Maikano ya ƙarasa jawabinsa ga jakuna da mai tebur, wanda yakan saurara da ladabi har ƙarshe, ya ce, "Wallahi gaskiya ne, Baba."

Bayan girbi jami'ar ƙungiyar ta zo daga Ƙwanni. Samira sunanta, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta biyu, da hular babur a hannu. Ta dubi benci, ta dubi akuya.

"Baba Maikano, wannan ita ce mai jinyar tamu?"

"Ita ta fi kowa zuwa kan lokaci, Madam."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce dosiyensa ya fi na kowa a duk yankin, har ana karanta wa wasu don su koya. Amma in ɗaki ya ci gaba da zama haka, dole a kwashe kayan a kai Alela, inda mutane ke jira. Kafin nan za a tura shi horo na kwana goma sha biyu a Tawa, a koya masa yadda ake magana da matasa.

"Wa za ka bar ma mabuɗi?" ta tambaya.

Da yamma ya kai wa Ummulkhairi.

"Ki riƙa buɗe ma majo Litinin da Alhamis. Shi ke nan."

"Yaya, ni da hurata zan tahi gadin benci?"

"Ki kai hurar can. Akwai inuwa."

Ta karɓi mabuɗin tana gunaguni, ta ɗaure shi a bakin zane.

A Tawa aka sauke su a wani masauki, kowa da ɗakinsa da fanka. Sauran mahalartan yara ne, suna kiransa Baba, suna ba shi kujerar gaba, sannan su koma baya su yi hirarsu. Ya ci shinkafa shi kaɗai a kan tebur mai kujera huɗu. A rana ta biyar mai horarwa ya ce za a yi gwaji. Ya zaunar da wani saurayi a tsakiyar aji, ya kira Maikano.

"Baba, ka ɗauka wannan ɗanka ne. Ka zauna kusa da shi, ka dube shi cikin ido, ka kira sunansa, ka ce masa kana tsoron kada ka rasa shi. Yaya sunan babban ɗanka?"

Maikano ya dubi fanka.

"Baba, sunansa kawai."

"Yana da amalanke," in ji Maikano.

Yara suka fashe da dariya, suna zaton raha ce. Shi ma ya yi dariyar, ya koma kujerarsa. Amma maganar ta zauna masa. Sauran kwanakin, bayan la'asar, yakan fita bayan masaukin inda injin wuta ke ruri, ya tsaya kusa da shi yadda ba mai ji, ya gwada. Ranar farko leɓe kawai ya motsa. Rana ta uku sunan ya fito, a shaƙe, kamar na wani baƙo. Shi ne ya raɗa wa liman wannan suna a kunne ranar sunan yaron, kuma tun daga ranar bai sake taɓa harshensa ba. Ya yanke shawara. In ya koma, zai je har ɗakin yamma, ya zauna a ƙasa, ya faɗa. Gari ya ce abin da zai ce.

Ranar Alhamis da azahar mota ta sauke shi a bakin kwalta. Ya saɓa jaka ya nufi ɗakin, don ya ga ko akuya ta cinye allon. Tun daga nesa ya tsaya. Babura huɗu a ƙofa. Amalanke uku a gindin bedi. Takalma a bakin ƙofa sun yi tsibi, har wasu sun hau kan wasu. Daga ciki ana jin hayaniya da ƙarar ludayi a ƙwarya, da muryar Ummulkhairi a sama da ta kowa.

"Kai Isma'il, in ka sake ce mani guda ɗaya kas sha jiya, sai na kwaɗa maka ludayin ga! Hwaɗa ma majo gaskiya, ba alƙali ba ne!"

Aka yi dariya. A cikin dariyar Maikano ya ji wata wadda ya sani, ko da yake ya daɗe bai ji ta ba sai ta bayan katanga. Ya duba gindin bedi da kyau. Shanun gidansa ne.

Bai tsaya tunani ba. Sunan yana bakinsa a shirye, ya kwana bakwai yana wasa shi. Ya cire takalmi ya yi sallama ya shiga.

Samari goma sha wani abu ne a kan benci, kowa da kofin fura. Majo yana kusurwa da littafinsa, yana auna jinin wani. Mahfuz yana benci na biyu, ya rame, gumi a goshi, mayafi a kafaɗa duk da zafin rana, amma idonsa a buɗe yake sosai. Dariyar ta mutu. Mahfuz ya ajiye kofi, ya sauka daga benci ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Maikano ya buɗe baki. Ido goma sha wani abu suna kansa, da na majo, da na ƙanwarsa.

"Yawwa," ya ce.

Mahfuz ya miƙe a sunkuye, ya raɓa ta gefen bango ya fita. Isma'il ya tuna an aike shi. Wani ya ce shanunsa ba su sha ruwa ba. Wanda ake auna wa jini ya zare hannunsa da kansa, ya ce zai dawo. Kafin Maikano ya sauke jaka daga kafaɗa, tsibin takalma ya ƙare, saura nasa da na majo da silifas ɗin Ummulkhairi. Majo ya rufe littafi ya ce zai je ya yi salla.

Ummulkhairi ta ci gaba da dama fura, ba ta ɗaga kai ba.

"Sannu da hanya, Yaya. An koyo maganar?"

Ya zauna a benci na farko. "Yaya anka yi sunka zo?"

"Hura sunka zo sha. Wa zai ce ma mutum don mi ka shiga wurin mai hura? In sun zauna sai in ce, ga majo nan zaune banza, ku ba shi aiki."

"Shi kuma fa?"

"Wa?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Samarin garin ga da yawa."

"Ummul."

Ta ajiye ludayi. "Mahfuz. Ka ji, na hwaɗa, rufi bai hwaɗo ba. Na aika ya kawo mani itace, da ya shigo na zauna bakin ƙofa na ce ba ya hita sai ya yi magana da majo. Ya yi kuka nan inda kake zaune. Ya ce tun ranar da ya hwaɗi yake son bari, ya gwada shi kaɗai sau biyu, jiki ya ƙi. Yau kwana goma majo na rage mishi. Zawo, ciwon gaɓɓai, ba barci, amma shina zuwa. Jiya ya cinye tuwo har ya nemi ƙari."

Maikano ya dubi kofin da aka bari a benci na biyu, da sauran fura a ciki.

"To don mi bai zo ba tun da? Wata biyar ina zaune nan. Don shi na..."

"Kowa ya san don wa ka gina, Yaya. Har mai tebur ya sani. Shi ma ya sani, shi ya sa yake zagayawa ta makabarta, kada ka gan shi ka ji kunya. Amma kai da kanka ka duba. Wane ɗan fari zai zauna gaban ubanai ya ce ga yawan ƙwayar da nake sha? Su kuma sauran, kai uban abokinsu ne. Kana bakin ƙofar ga, ko kuɗi kake rabawa ba mai shiga."

"Na koyo. Zan iya kiran sunan yanzu."

"Kai ka koyo. Shi an kai shi Tawa?" Ta ɗauki ludayi ta sake ajiyewa. Muryarta ta sauka. "Majo ya ce wata ukun farko su ne masu wuya. In ya yi fashi kwana biyu, na uku yana wurin mai tebur. Ban ce kada ka kira shi ba, wata rana. Amma ba nan ba, ba yanzu ba."

Ta kwance bakin zane, ta ciro mabuɗin, ta ajiye shi a kan benci tsakaninsu. Ba ta tura masa ba, ba ta janye ba.

Maikano ya daɗe yana kallon ɗakin. Shi ya auna faɗinsa da igiya, shi ya zaɓi wurin taga don iska. A jakarsa akwai takardar shaidar horo, da sunansa da hatimi, wadda ya yi niyyar mannawa a bango. Daga waje ya ji ƙarar amalanken da ya sani. Ba ta tafi ba, an dai matsar da ita bayan ɗakin, ana jira a ga wanda zai fito.

Ya miƙe, ya saɓa jakarsa.

"Ki ce ma wancan furar tasa na nan bai shanye ba."

Ya sa takalmi, ya bi kwalta ya yi gabas, bai waiwaya ba sai da ya kai wurin masu faci. Daga can ya ga mutum ɗaya ya fito daga bayan ɗakin, sannan biyu, suna cire takalma.

Washegari ya hura tayar kekensa ya koma Tsarnawa, ya kakkaɓe tebur. Wata mata na jiransa da saƙo zuwa ga ɗanta a Legas, ya rubuta mata shi tsaf, har ta share hawaye ta ce kamar ya shiga zuciyarta.

Ba a kai kayan Alela ba. Samira ta zo ta ga benci cike, ta ƙaro biyu. Ɗakin na nan har yau, Litinin da Alhamis, kuma Mahfuz ya shiga wata na takwas bai sha ba. A duk garin, mutum ɗaya ne aka roƙa kada ya shiga wurin, shi ne Maikano.